Agogon Da Aka Saya Sau Uku

A ƙa'idar shafin gwanjon, wadda wasu masu ilimi suka rubuta ba tare da sun taɓa neman aure ba, kaya yakan yi kwana biyar ana taya shi. Wanda tayinsa ya fi na kowa shi ya saya, kuma ana ba shi kwana huɗu ya biya. A cikin kwana huɗun nan mai kaya ba shi da ikon sayar wa wani, ba shi da ikon mayar da kayansa kasuwa. Ikon da aka bar masa shi ne na haƙuri.

Sau uku Mai Agogo, mai gyaran agogo a kan teburi, ya yi amfani da wannan iko, domin sau uku ana sayen kayansa ba a biya. Kwana ashirin da bakwai suka tafi a haka, alhali wa'adin da Baba ya ɗiba masa kwana talatin ne.

Baba, mahaifin Auta, ya yi ritaya yana shugaban tashar jirgin ƙasa, kuma har yanzu bai yarda cewa akwai uzurin da ya isa ya tsayar da lokaci ba. Ranar da aka zo masa da maganar auren Auta da Mai Agogo, bai ce a'a ba, domin shi ba mutum ne mai hana abu kai tsaye ba. Cewa ya yi ba ya aurar da 'yarsa ga teburi. Yana son ya ga shago mai ƙofa da mukulli, da takardar haya mai sunan yaron, cikin kwana talatin, kuma ko kwabon gidansa kada ya shiga ciki. In wa'adi ya cika babu, to akwai Manaja, ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana jira cikin ladabi.

Abin da Mai Agogo ya mallaka wanda zai iya biyan hayar shekara guda ɗaya ne tak: wani tsohon agogo mai lilo, wanda ya fi mutum tsayi. Maigidansa da ya koya masa aiki ya bar masa shi a mace, ya shekara biyu yana tashinsa. Shi suka saka a gwanjo, Auta ta ɗauki hotunan da wayarta.

Ranar Talata da azahar ta baro kantin maganin da take aiki, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta tsallaka titi zuwa barandar mai sayar da fenti, inda Mai Agogo ya shekara shida yana aron inuwa. Ta same shi sunkuye, madubin aiki maƙale a ido, yana tsintar wani ɗan ƙusa da hantsaki.

"Ya biya?"

"Sannu da zuwa."

"Ban zo karɓar sannu ba. Ya biya?"

Ya cire madubin, ya ajiye a kan tsumma. "Ƙarfe sha biyu wa'adinsa ya cika. Agogon ma ya buga masa sau goma sha biyu, don kada ya ce ba a tuna masa ba."

"Kana wasa, ko?"

"In ban yi wasa ba, me zan yi? Na aika masa saƙo tara. Na yi masa sallama, na roƙe shi, na ce ko rabi ya fara bayarwa. Na farko da na toshe, sai ga wani da sabon suna. Na toshe shi, sai ga na uku. Duk halinsu ɗaya. Sai an zo minti na ƙarshe su ɗora tayi a kan na kowa, daga nan sai su shige rami."

"Likitan nan fa, mai zuwa na biyu a tayin kullum? Ka ce masa ya ɗauka a farashinsa."

"Na ce masa. Ya amsa mini da layi biyu. Wai shi ba yaro ba ne, ya gane mu ne muke turo 'yan uwanmu su hura farashi, in sun maƙale da kaya sai mu dawo masa da hula a hannu."

Auta ta matso kusa da teburin. "Mu? Mu da ake yanka mu ne ɓarayi? Manaja ne. Wallahi shi ne. Wa zai ci riba in Juma'a ta zo ba ka da mukulli? Wa yake da wayoyi uku da lokacin banza?"

"Ba ki da hujja."

"Kai kuma ba ka da zuciya. Ana cinye maka kwanaki ɗaya bayan ɗaya, kana zaune kana gyara wa mutane lokacinsu."

A nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ya ɗaga hannu zai bugi teburin, ya tuna agogunan mutane ne a kai, ya sauke hannun a kan cinyarsa.

"Kin ɗauka ba na jin zafi? Mai shagon da zan kama haya ya riƙe mini ɗaki wata guda a kan kalmar baki. Yau da safe ya wuce ta nan da wani mai sayar da takalma, yana nuna masa ƙofar. Ya gaishe ni kuwa, har da tambayar aiki. Ni na san abin da na haɗiye. Amma ba zan je in kama rigar mutum a kan zato ba." Ya mayar da numfashi. "Na shigar da ƙorafi. Sun ce tunda abin ya kai uku, za su ba ni lambar wayar mai sayen kafin la'asar. Da ita zan je wurin Baba in roƙi ƙarin kwana tara. Shi mutum ne mai girmama takarda."

"Kai ka jira takarda," in ji Auta. "Ni na san hawa na nawa yake."

Ofishin Manaja yana hawa na uku a ginin kamfanin inshora, inda ake sanyaya ɗaki har mai ƙorafi ya manta da abin da ya kawo shi. Auta ba ta manta ba. Ta wuce sakatariyar da ke tambayarta ko tana da alƙawari, ta tura ƙofa.

Manaja ya ɗago daga kan fayil. Mutum ne mai tsafta, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, domin bai taɓa buƙata ba.

"Ranki ya daɗe. Yau wace rana? Zauna mana."

"A tsaye zan faɗa. Ka ji kunya. Mutum kamarka, da kujera mai juyawa, ka zauna kana ƙirƙirar sunayen ƙarya don ka hana talaka sayar da kayansa. In ni kake so, ka zo ta ƙofa. Ba a samun mace ta hanyar toshe rijiyar wani."

Ya bar ta ta gama, har da ƙarin da ta yi a kan tarbiyya da ranar hisabi. Sannan ya rufe alƙalaminsa.

"Agogon nan kike nufi? Na gan shi a shafin. Yana da kyau, sai dai ya yi wa falona tsayi. Auta, ni aikina lissafin asara ne. Da ina son agogon, da na biya na ɗauka. Ke kuma da nake so, abin da ake buƙata daga gare ni shi ne in zauna a kujerar nan har Juma'a. Don me zan wahalar da yatsana a kan abin da kalanda take yi mini kyauta?"

Maganar ta fi mari zafi, domin babu ta inda za a kama ta.

"Ƙarya kake."

"Mai yiwuwa. Ga wayoyina, biyu ne ba uku ba, ki bincika." Ya tura mata su a kan teburin. Ba ta taɓa ba. "To, shi ke nan. Zan kira Baba in gaishe shi. Ba ƙararki zan kai ba, amma in ya tambaye ni labari, ban saba ɓoye masa ba."

Ta sauko matakala tana ƙirga zagin da ya kamata ta yi ba ta yi ba.

A gida ta tarar da Umma a kicin tana yankan albasa, wayarta a kife a kan taga. Auta ta jefar da jaka, ta jingina da ƙofa, ta buɗe bakin da Manaja ya rufe mata.

"Umma, ko wane ne wannan mutumin, ban yafe ba. Allah ya hana shi abin da yake nema kamar yadda ya hana mu. Allah ya sa ya kai kayansa kasuwa a taya a gudu. Allah ya sa 'ya'yansa..."

"Ke, bar nan."

"Ba zan bari ba. 'Ya'yansa su ga..."

"Na ce ki bar 'ya'yansa." Wuƙar ta tsaya. "Kada ki yi wa kanki baki."

Auta ta dubi uwarta. Hawayen da ke fuskar Umma sun wuce abin da albasa biyu za su iya jawowa.

"Umma, me kika ce?"

Umma ta goge hannu a zane, ta leƙa tsakar gida, ta janyo ƙofar.

"Taimako na yi niyya. Allah ya sani."

"Wane taimako?"

"Ranar da kika nuna mini hoton, na ga abin da ake tayawa bai kai hayar shagon ba. Da na je kitso na ba maƙwabciyarmu labari. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, a ɗan ɗora kaɗan a kai, likitan nan zai ji haushi ya ƙara. Ta buɗe mini da layinta. Na ɗora, ya ƙara. Na sake ɗorawa, ya sake ƙarawa. Sai na ga saura ƙiris a kai, na ce bari in ɗora na ƙarshe."

"Sai bai ƙara ba."

"Sai bai ƙara ba. Aka aiko wai ana taya ni murna."

Auta ta zame ta zauna a kan buhun da ke bayan ƙofa. "Na farko ke nan. Na biyu fa?"

"Na ce in gyara ɓarnar da na yi. Muka yi da ɗaya layin nata. Na ƙudura zan janye da wuri, sai tukunya ta kama, kafin in dawo lokaci ya cika a kaina."

"Na uku kuma tukunyar wa ta kama?"

"Kada ki yi mini baƙar magana, ni na haife ki."

"Ke kika haife ni, shi ya sa nake tambaya a zaune. Kwana ashirin da bakwai, Umma. Kina kallona ina kuka a ɗakin nan, kina ce mini in yi haƙuri Allah zai tona asirin azzalumi. Kin ci abinci da ni. Yau na je na wanke ɗan mutane tas a ofishinsa, a gaban ma'aikatansa. Shi kuma wancan bawan Allah ya aiko miki saƙo tara yana roƙonki. Kin karanta?"

"Na karanta." Muryar Umma ta karye. "Har da wanda ya ce, ya mai saye, in kana da 'ya, ka tuna da 'yar wani. Kwana na yi ban runtsa ba. Na ɗauko 'yan kunnena zan sayar in biya, sai na tuna maganar babanku, kwabon gidan nan kada ya shiga. In na biya na kashe auren, in ban biya ba na kashe shi. Ki gaya mini wanne zan ɗauka."

"Da kin ɗauki gaskiya tun ranar farko, da kwana tara kawai muka rasa."

"Gaskiya a gidan nan? Kin manta abin da ya yi wa ƙaninsa a kan tikiti ɗaya na jabu? Shekara goma sha ɗaya bai taka ƙofarsa ba. In ya ji matarsa ta yi algus a ciniki da sunan ƙarya, wallahi ba zan kwana a ɗakina ba. Shekara talatin da huɗu, Auta. Ina zan je da furfura?"

Sai wani tunani ya faɗo wa Auta.

"Na ukun, da wane layi kika yi?"

"Nata biyun an toshe su. Da nawa na yi."

Daidai lokacin aka yi sallama a ƙofar gida, murya mai ladabi da Auta za ta gane ko a cikin kasuwa. Ta tashi da gudu, amma Baba ya riga ta amsawa daga falo.

Ta same su yadda ta ji tsoro. Baba yana kan kujerarsa, tabarau a goshi. Mai Agogo yana durƙushe a gefen darduma, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, takarda a ninke a hannunsa. Bai taɓa riƙe lambar surukarsa ba, kunya ba ta bari ba, don haka fuskarsa cike take da hasken mutumin da ya zo da hujja.

"Madalla da kika shigo," in ji Baba. "An kira ni daga kamfanin inshora. An ce 'yata ta je ta gabatar da lacca a kan tarbiyya, kyauta. Za mu zo kan wannan. Kai kuma, me ke tafe da kai? Ta lissafina saura kwana uku."

"Baba, ba uzuri na kawo ba, shaida na kawo. Sau uku ana saye ba a biya. Masu shafin sun ba ni lambar wanda ya yi na ƙarshe. Ban kira ba, na ce a gabanka za a kira, don kada a ce na haɗa baki da wani."

"Ba ni takardar," in ji Auta da sauri, ta miƙa hannu. "Ni zan bincika. Baba, ba sai an dame ka ba."

Mai Agogo ya dube ta da mamaki. Ita ce ɗazu take neman wanda za ta shaƙe.

"Tun yaushe ake karɓar takarda a gabana?" Baba ya sauke tabarau kan hanci. "Kawo."

Ya warware ta a kan gwiwa, ya ɗauko wayarsa. Baba bai haddace lambar kowa ba tun da aka ƙirƙiro abin da zai haddace masa. Ya danna su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa guda, yana karantawa a fili kamar mai sanar da lokacin tashin jirgi. Da ya danna ta ƙarshe, lambobin suka ɓace, suna ya fito a madadinsu.

Ya daɗe yana kallon sunan.

Daga kicin waya ta fara ƙara. Babu wanda ya motsa. Baba bai kashe ba, ya bar ta ta yi ta kuka har ta gaji don kanta. Labulen ƙofar ciki ya ɗan motsa, ƙafafun Umma suka bayyana a ƙarƙashinsa.

"Fito," in ji Baba, ba tare da ya waiwaya ba. "Ciniki ya faɗa kanki, an ce ana nemanki."

Umma ta fito, ta tsaya jikin bango, tana murza bakin mayafi.

Mai Agogo ya dubi Umma, ya dubi Auta. Auta ta ga lokacin da ya gane, ta ga hasken nan ya mutu a fuskarsa. Ta ga kuma ya fahimci abin da ya fi wannan, domin duk wanda ya san gidan ya san labarin ƙanin Baba.

"Tambaya ɗaya zan yi," in ji Baba, muryarsa a kwance, wanda a gidan an san ya fi tsawa muni. "Matata ba ta san hanyar gwanjo ba. Ko dai wani ya sa ta, ko kuwa na shekara talatin da huɗu da wadda ban sani ba. In na farko ne, akwai wanda zai fita daga falon nan ba zai sake shigowa ba. In na biyu ne, akwai wadda za ta fita. Wanne ne?"



"Ni ne, Baba."

Auta ta juya. Mai Agogo ya sunkuyar da kai, idonsa a kan darduma.

"Ni na roƙe ta. Na ga farashin bai kai ba, na ce ta ɗan ɗora a kai. Ba ta so ba, na matsa mata. Ba ta san haramun ne a ƙa'idarsu ba."

"Kai ka sa ta, kuma kai ka kawo mini lambarta a ninke?"

"Ban san da layinta ta yi na ƙarshen ba. Na zaci wani ne daban ya shigo."

Ƙarya ce mai rauni, irin ta wanda bai saba ba. Amma Baba yana buƙatarta, kuma mai buƙata ba ya duba ɗinki. Ya ninke takardar gida huɗu, ya miƙa masa.

"Riƙe shaidarka. Na yafe maka kwana ukun da suka rage, ba sai ka wahala ba. Ka gaida gida."

Mai Agogo ya karɓa da hannu biyu. Ya miƙe, ya nufi ƙofa, bai yarda ya dubi Auta ba.

"Haka aka yi?" Baba ya tambayi Umma.

Umma ta dubi ƙasa. Shirun ya yi tsawo, har Baba ya fara gyaɗa kai, alamar ya karɓe shi a matsayin amsa.

Auta ta taka ta tsaya a bakin ƙofa, ta tare hanya, yadda Mai Agogo ba zai iya fita ba sai ya ture ta.

"Babu inda za ka." Ta juya ga uwarta, hawaye na zuba ba ta share ba. "Umma, Baba ya yi miki tambaya. Ki amsa da bakinki, ko in amsa da nawa."